Me Ya Sa Muke Tafa Wa Ɓarawon Teku?



Yau za mu taɓa wani abu da yawancinmu muka sani sarai, ko da ba mu cika faɗarsa a gaban manya ba. Idan yamma ta yi, an gama aikin gida, sai ka ga mutum biyar ko shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya. An je wajen masu tura fim, an ba da 'yan canji, an cika memori. Cikin abin da aka turo akwai fim ɗin 'yan fashin teku. Jirgi mai baƙaƙen ƙyallaye ya ɓullo daga cikin hazo, igwa ta tashi, jarumi ya kama igiya ya yi lilo daga wannan jirgi zuwa wancan da takobi a hannu. In ya kuɓuce wa sojojin sarki, mu ma sai mu sauke ajiyar zuciya. In ya yi awon gaba da akwatin zinari, har tafi muke yi.

Mu da muka haura shekara 40 ba za mu ɓoye muku ba, mun riga ku yin wannan tafin. Mu a faifan CD muka gani, a gidan kallo, janareta yana ta ƙara a waje. Amma bari mu tambayi kanmu gaskiya. Mutumin nan da muke tafa wa, sana'arsa ita ce tare hanya da ƙwace kayan mutane. Da a kan hanyar Kazaure zuwa Daura yake yin abin da yake yi a teku, ba wanda zai kira shi jarumi a cikinmu. To mene ne yake jan mu gare shi?

Ga yadda muka ga lamarin. Abubuwan da suke jan mu ba munana ba ne. Muna son 'yanci, muna son ganin ƙaramin mutum ya yi galaba a kan babba, muna son a raba abu daidai. Sai dai fim ya ɗauki waɗannan abubuwa ya rataya wa ɗan fashi, sa'an nan ya kawar da kyamara daga kan wanda aka yi wa fashin. Mu kuwa a wannan ɓangare na ƙasar nan mun san fuskar wanda aka yi wa fashi, saboda haka bai kamata mu yi kallo irin na wanda bai sani ba.

Ruwan da ba shi da ƙarshe

Fim ɗin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne Pirates of the Caribbean. Kamfanin Disney ne ya fitar da kashi na farko a 2003, Gore Verbinski ya ba da umarni, Johnny Depp kuma ya fito a matsayin Kyaftin Jack Sparrow. Kafin fitowarsa masu harkar fim a Amurka suna ganin labarin 'yan fashin teku ya daina kawo kuɗi, sai ga shi ya tara fiye da dala miliyan 650 a duniya. Kashi na biyu da ya fito a 2006 ya haura dala biliyan ɗaya, aka ci gaba har kashi na biyar a 2017. Indiyawa ma, waɗanda finafinansu suka daɗe da zama 'yan gida a ƙasar Hausa tun kafin a fara fassara su irin yadda Algaita take yi, sun gwada nasu a 2018 da Thugs of Hindostan, inda Amitabh Bachchan da Aamir Khan suka yi ta yaƙi a kan jiragen ruwa da kamfanin Turawan Ingila.

Abu na farko da yake kama mu shi ne tekun kansa. Daga nan zuwa bakin teku a Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce a mota. Da yawa cikinmu ruwa mafi girma da muka taɓa tsayawa a bakinsa shi ne madatsar ruwan Kazaure, wadda in ka tsaya a wannan gefe kana hangen wancan. A fim kuwa ruwa ba shi da ƙarshe. Babu shingen bincike, babu mai tambayarka takarda, babu kawun da zai ce ina za ka. Matashin da ya gama difloma shekara uku ke nan yana zaune a gida, kullum benci ɗaya, inuwa ɗaya, hira ɗaya, idan ya ga mutum ya saki igiya iska ta kwashe shi zuwa inda ya ga dama, dole wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Ba laifi ba ne mutum ya ji haka. Duk mai rai yana son ya san akwai abin da ke bayan duwatsun garinsu.

Akwai kuma Will Turner, yaron maƙeri. Shi yake ƙera takubba masu kyau, maigidansa kuwa yana kwance cikin maye, amma da aka kai wa gwamna takobi, maigidan aka ce a miƙa wa yabo. Duk wanda ya taɓa zama yaron shago, ko ɗan koyon ɗinki, ko yaron kanikanci, ba sai an yi masa bayanin wannan wuri ba. Ya san yadda abin yake ci a rai.

Gizo ne ya sa hula

Abu na biyu ya girmi fim nesa ba kusa ba. Ku tuna yadda Jack Sparrow ya fara bayyana. Yana tsaye a ƙolin itacen jirgi kamar wani babban sarki, ashe ɗan kwalekwale ne yana nitsewa a ƙarƙashinsa. Daidai lokacin da ruwa ya gama cinye shi, sai ya taka ƙafa a kan gadar tashar jiragen ruwa kamar dama haka ya shirya. Ya ba jami'in tashar sule uku don kada ya rubuta sunansa, da zai wuce kuma ya ɗauke jakar kuɗin mutumin. Ba shi da jirgi, ba shi da mutane, bindigarsa harsashi ɗaya ne a ciki, amma da baki da dabara ya raba sojojin ruwan Ingila da jirginsu mafi gudu.

Wane ne wannan in ba Gizo ba? Tun muna yara a gindin kakanninmu muke jin yadda Gizo yake yaudarar zaki da kura da giwa, yana ci da guminsu, muna dariya har da hawaye. Mun san Gizo maƙaryaci ne, mun san makwaɗaici ne, amma shi ne ƙarami a cikin dawa, mu ma ƙanana ne a cikin gida, shi ya sa muke bayansa. Haka nan littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, labarin matafiyi ne da yake ratsa ƙasashe yana neman ruwan magani, yana ta musayar wayo da Malam Zurƙe. Kashi na huɗu na fim ɗin Jack Sparrow da ya fito a 2011 shi ma neman wani ruwa ake yi, wanda aka ce yana ƙara wa mutum kwana. Har a waƙa muna da irin wannan. Marigayi Muhammadu Gambo na ƙasar Kabi ya yi suna ne da waƙar ɓarayi, kuma mutanen da ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba sun saurare shi sun yi dariya.

Saboda haka kada mu ce Turawa ne suka koya mana son mai wayo. Sun same mu da abinmu. Amma ku lura da wani abu. Masu ba mu tatsuniya ba su cika barin Gizo ya tafi haka nan ba. Sau da yawa kwaɗayinsa yakan kai shi ya baro, ya sha duka, ko ya ƙare a saƙon bango yana ɓoyon kunya. Ana ba yaro dariyar, ana kuma ba shi ƙarshen. Kamfanin fim kuwa yana bukatar Gizonsa ya tsira, domin akwai kashi na gaba da za a sayar.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Abu na uku shi ya fi nauyi, domin akwai gaskiyar tarihi a cikinsa. A finafinan nan masu kaki da manyan 'yan kasuwa su ne azzalumai, 'yan fashi kuma su ne masu zumunci da riƙon alkawari a tsakaninsu. Wannan ba ƙirƙira ce zalla ba.

Fashin tekun da ake yin fim a kansa ya fi ƙamari ne daga wajen 1715 zuwa 1725. Dalilinsa ba baƙo ba ne a kunnenmu. Wani dogon yaƙi tsakanin ƙasashen Turai ya ƙare da yarjejeniyar Utrecht a 1713, aka sallami dubban ma'aikatan jiragen yaƙi, suka rasa abin yi. Waɗanda suka samu aiki a jiragen 'yan kasuwa suka tarar da ƙaramin albashi, ruɓaɓɓen abinci, da bulala a hannun kyaftin da ba mai tuhumarsa a tsakiyar teku. A jirgin 'yan fashi kuwa jama'a ne suke zaɓen kyaftin, suna kuma iya tsige shi. Dokokin jirgin Bartholomew Roberts, ɗaya daga cikin manyansu, an adana su a rubuce tun 1724. Kowane mutum yana da ƙuri'a. Kyaftin kaso biyu kawai yake ɗauka a ganima, waɗanda ba su da muƙami kuma kaso ɗaya ɗaya. Wanda ya rasa hannu ko ƙafa a bakin aiki ana biyansa dalar azurfa 800 daga asusun jama'a. A zamanin da talakan Ingila ba shi da ƙuri'a ba shi da diyya, ba abin mamaki ba ne da wasu ma'aikata suka riƙa tsallakawa da kansu idan an kama jirginsu.

Tun kafin wannan da fiye da shekara 1,000, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya kawo wani labari a littafinsa Birnin Allah. An kama wani ɗan fashin teku aka kai shi gaban Alekzanda Mai Girma. Sarki ya tambaye shi dalilin da ya sa ya addabi teku. Mutumin ya mayar masa da cewa aikinsu iri ɗaya ne, bambancin kawai shi da ɗan jirgi guda yake yi shi ya sa ake ce masa ɓarawo, sarki kuma da rundunar jirage yake yi shi ya sa ake ce masa sarki. Agustin ya ga gaskiyar mutumin, domin a ganinsa mulkin da babu adalci a cikinsa gungun 'yan fashi ne da ya yi girma.

Mu da muke jin labarin biliyoyin da suke ɓacewa daga baitulmali alhali asibitin ƙauyenmu ba magani, wannan amsa tana yi mana daɗi a kunne. Amma Agustin bai kawo labarin don ya wanke ɗan fashi ba. Ya nuna cewa gungun ɓarayi ma suna da shugaba, suna da yarjejeniya, suna da ƙa'idar rabon ganima, kuma duk wannan bai mai da su masu adalci ba. Raba kayan sata daidai wa daida adalci ne tsakanin waɗanda suka sata kawai. Mai kayan ba ya wurin da aka yi rabon, ba a kuma ba shi ƙuri'a ba.

Wanda kyamara ba ta nuna ba

To bari mu nemo mai kayan, tun da fim bai nuna mana shi ba.

A kashi na huɗu an nuna Blackbeard da jirginsa Queen Anne's Revenge. Mutumin ya rayu da gaske, jirgin ma haka. Kafin ya shiga hannunsa jirgin Faransawa ne mai suna La Concorde, aikinsa jigilar bayi. Ya taso daga Wida, a gaɓar Jamhuriyar Benin ta yau, da ɗaruruwan 'yan Afirka a ɗaure a cikinsa, Blackbeard ya kama shi a watan Nuwamba na 1717 kusa da tsibirin Martinik. Bai 'yanta mutanen ba. Jirgin yake so. Ya bar wa Faransawan yawancin bayin, suka ƙarasa da su kasuwa.

A watan Mayu na 1718 ya toshe mashigar garin Charleston a Amurka kusan mako guda. Ya kama fasinjoji, cikinsu har da wani ɗan majalisar yankin da ƙaramin ɗansa, ya aika wa gari cewa in ba a kawo masa akwatin magani ba zai kashe su. Da aka kawo, sai da aka tuɓe musu abin da suka mallaka kafin a sake su. 'Yan'uwa, wannan a harshenmu na yau sunansa garkuwa da mutane. Har irin abin da ya nema bai bambanta da na mutanen daji ba, waɗanda bayan kuɗi sukan ce a haɗo da magani da abinci da babur.

Shi kuwa Roberts mai kyawawan dokoki, a gaɓar Afirka ta Yamma ya fara, a nan kuma ya ƙare. Ma'aikaci ne a jirgin bayi lokacin da 'yan fashi suka kama shi a Anomabu, ƙasar Gana ta yau, a 1719. Cikin shekara uku ya kama jirage kusan 400. A watan Janairu na 1722 ya shiga Wida ya tarar da jirage 11 a tsaye, ya sa wa kowanne kuɗin fansa na garin zinari. Duka suka biya sai guda ɗaya mai suna Porcupine. Mutanensa suka cinna wa jirgin wuta da bayi kusan 80 a ciki, an ɗaure su bibbiyu da sarƙa. Waɗanda suka tsere wa wuta suka faɗa ruwa, manyan kifayen teku suka cinye su. Waɗannan mutane 'ya'yan wasu ne, an kamo su daga garuruwa irin namu, ba su san Roberts ba, ba su san mai jirgin ba, ba su da hannu a cinikin da ya ci ransu.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. An kashe Blackbeard ranar 22 ga Nuwamba 1718, shekara ɗaya kacal bayan ya samu babban jirginsa. An kashe Roberts ranar 10 ga Fabrairu 1722 kusa da gaɓar Gabon, aka rataye mutanensa 52 a Cape Coast. Baƙaƙen fata fiye da 60 da aka samu a jiragensa ko shari'a ba a yi musu ba, sayar da su aka yi. Zancen taswira mai alamar inda aka binne dukiya, da aku a kafaɗa, da mai ƙafa ɗaya, yawancinsa daga littafin Treasure Island na Robert Louis Stevenson ya bazu, wanda ya fito a 1883, lokacin da waɗanda suka ɗanɗani fashin suka daɗe da mutuwa. Sai da masu kuka suka ƙare kafin abin ya zama labarin nishaɗi.

Mu namu masu kukan suna nan da rai

A ƙasarmu fashin teku bai zama tarihi ba tukuna. Cibiyar IMB mai tattara rahoton fashin jirage ta ce a 2020 an sace ma'aikatan jirgi 135 a duniya, 130 daga cikinsu a Mashigin Tekun Gini, wato ruwan da ya haɗa da gaɓar Nijeriya. Sai da gwamnati ta yi doka ta musamman a kan fashin teku a 2019, ta kuma ƙaddamar da shirin tsaron ruwa na Deep Blue a 2021, kafin abin ya lafa.

Amma ba sai mun je bakin teku ba. Gwiwa da Roni suna iyaka da jihar Katsina. A wannan jihar ce, ranar 11 ga Disamba 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe ta jihar Zamfara. A watan Yuli na wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 100 a makarantar Bethel Baptist da ke jihar Kaduna, wasunsu suka yi watanni a daji, iyaye suna ta sayar da abin da suka mallaka. Yankinmu ya samu sauƙi idan aka kwatanta da waɗannan wurare, muna kuma godiya. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Ga inda abin ya shafi wayar da ke hannunmu. Mutanen daji ma sun gane amfanin kyamara. Suna fitowa a TikTok da rawani da bindiga a kafaɗa, suna baza damin kuɗi, har waƙar yabo an yi wa wasunsu. Idan sun yi magana, labarin zalunci suke kawowa: an kwashe mana shanu, an kashe mana iyaye, hukuma ba ta yi mana adalci ba. Wani ɓangare na wannan koke yana iya zama gaskiya, kamar yadda bulalar jiragen Ingila gaskiya ce. Amma dabarar ita ce dai ta fim. Ana nuna maka mai bindiga yana dariya, ba a nuna maka manomin da ya sayar da gonar gado don ya fanshi matarsa. Idon da ya saba kallon ɗan fashi ba tare da ya tambayi ina mai kayan ba, shi ne idon da zai ga irin wannan bidiyo ya danna alamar so, har ya tura wa abokai.

Ai fim ne kawai

Mun san abin da wasunku za su ce. Fim ne kawai, ba wanda ya kalli Jack Sparrow ya je ya sayi bindiga. Gaskiya ne, mu ma ba mu ce haka ba. Talauci da rashin adalci da rikicin ƙasa da kiwo su suka haifi abin da ke faruwa a dazuzzukan Zamfara da Katsina, ba Disney ba. Ba kuma muna kira a daina kallo ba ne. Wanda ya yini a gona ko a kan babur yana da hakkin ya yi dariya da dare, kuma hani ba tare da bayani ba ƙara wa abu farin jini yake yi.

Abin da muke tsoro ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi kusa da mu. Shi ne a hankali mutum ya fara auna jarumta da wayo, ba da gaskiya ba. Yaron da ya yi wa maigidansa ƙwange a ciniki ya zama mai kai. Wanda ya shiga da amsa ɗakin jarrabawa ya zama gwani. Wanda ya wawure asusun wani ta waya ya sayi mota, a ce ya waye. Duk waɗannan suna da amsar da ɗan fashi ya ba Alekzanda a bakinsu: manya ma suna yi. Kuma duk suna da mai kayan da ba sa so a ambata.

Abin sha'awa shi ne kashi na farko na fim ɗin ya fi masu kallonsa da yawa hankali a kan wannan. Ku tuna Kyaftin Barbossa da mutanensa. Sun sace tsabar zinari 882 daga wani akwatin dutse, suka kashe su a kan ci da sha da holewa, sai daga baya suka gane akwai la'ana a kansu. Suna sha ƙishirwa ba ta tafiya, suna ci ba sa jin ɗanɗano, ba su mutu ba kuma ba su da rai. In hasken wata ya taɓa su sai a ga ƙwarangwal. Barbossa yana yawo da tuffa a hannu, burinsa kawai ranar da zai gatsa ya ji zaƙinta. Maganin la'anar kuwa ba a ƙara sata ba ne. Sai an nemo zinarin nan ɗaya bayan ɗaya an mayar inda aka ɗauko, shekara 10 suna wannan aiki. Mu da muka san labarin Zakka mai karɓar haraji, wanda tubarsa ta fara da mayar wa mutane abin da ya ƙwace, wannan ba sabon darasi ba ne gare mu. Sai dai ƙarar igwa da lilon igiya sukan sa mu wuce shi ba mu lura ba.

Yadda za mu yi kallo

Shawararmu mai sauƙi ce. In kun zauna kallon irin wannan fim, ku ji daɗin tekun, ku yi dariyar Gizo, amma bayan an gama wani ya yi tambaya: kayan wa aka ɗauka? A fim ɗin an nuna daren da aka kai wa garin Port Royal hari, ana fasa shaguna ana cinna wuta, da gari ya waye kuma labari ya bi jarumai zuwa teku. Ku tsaya a garin ku ƙarasa labarin da kanku. Wa ya binne matattu? Mai shagon da aka ƙone, da me ya ciyar da 'ya'yansa a wannan mako? Wanda ya saba yin wannan tambaya a gaban fim zai yi ta a gaban bidiyon mutanen daji, zai kuma yi ta ranar da aboki ya kawo masa wata hanyar samun kuɗi ta dare ɗaya.

Sa'an nan kada mu zubar da abubuwan nan da suka ja mu tun farko. In muna son rabo daidai, mu fara da adashin da muke yi da asusun zumuntarmu, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa ya gani. In muna jin haushin abin da aka yi wa yaron maƙeri, to ranar da muka zama masu shago mu faɗi sunan yaron da ya yi aikin a gaban mai kaya, mu biya shi a kan lokaci. In muna son tafiya, akwai hanyar da ba a tare kowa: sana'a, karatu, fatauci. Kakanninmu sun kai Gwanja da ƙafa suna sayen goro, ba su ƙwaci na kowa ba.

Jack Sparrow yana da wani kamfas da ba ya nuna arewa, sai abin da mai riƙe da shi ya fi so a ransa. A wannan mako kowannenmu ya tambayi kansa, da za a ɗora masa shi a tafin hannu, ina allurar za ta juya, kuma wa zai yi asara kafin ya isa can.

Allah ya ba mu idon da yake ganin wanda aka bari a baya, ya kuma dawo da waɗanda har yanzu suke hannun masu garkuwa gidajensu lafiya. Amin.